Tsohuwar mota mai shan mai da kakkarwa: yadda ake gano ciwon kafin a sayi sansa

Tambayoyin da ke zo mini a kan tsofaffin motoci kusan duk bakinsu ɗaya. Mota ta fara shan mai fiye da da, tana kakkarwa in an tsaya, ko tana tuƙo baƙin hayaƙi, ga fitilar nan mai ruwan ɗorawa ta kama a tablo. An kai ta gareji, an ce sansa ce ta mutu, an canza, an biya, mako bai zagayo ba fitila ta dawo. Abin yana damuna, domin yawancin masu wannan kuka da motar suke ciyar da iyali. Shi ya sa zan bi aikin daki-daki, daga abin da ba ya cin ko dala har zuwa mai tsada.

Maganar injin esansi mai injekta nake yi, irin su Corolla, Starlet, Carina E, Avensis da RAV4 da suka cika titunan Yamai. Mai gazuwal lissafinsa daban ne.

Abu ɗaya ka riƙe kafin mu fara. Inji yana son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Kwamfutar mota ce ke wannan awo, kuma da labarin da sansoshi ke kai mata take aiki (a garejinmu za ka ji ana ce musu kaftar). Sansa ƴar aike ce: in ta kawo labarin cewa iska ta yi yawa, sau da dama gaskiya ta faɗa, ɓarnar tana wani wuri. Don haka ko wace sansa sai an gwada ta kafin a yanke mata hukunci.

Kayan aiki

Multimita, sifanar buji, sukurdireba, tocila, gwangwanin feshin wanke karburato, da wani na wanke debimetir (sansar da ke auna iskar da ke shiga inji) ko na kayan lantarki. Sai ƙaramar na'urar nan ELM327 da ke haɗuwa da waya ta Bluetooth, a yi amfani da ita da manhajar Torque ko Car Scanner. Kuɗinta bai kai na sansar lamda (mai auna iskar oksijin a hayaƙin salansa) ɗaya ta asali ba, kuma za ta yi maka shekaru. In ba ka da ita, a ɗora maka motar a baliz (na'urar karanta kwamfutar mota) a gareji, amma ka tsaya a wurin. Ka riƙe biro da takarda.

1. Ka fara da ido, hanci da kunne

Da safe, kafin a tayar da motar, ka sa wani ya murɗa kontak kai kuma ka tsaya bayanta. Baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen mai yana nufin mai ya fi iska. Shuɗi yana nufin inji yana ƙona baƙin mai, wato ringi ko robobin bawul, kuma babu sansar da za ta gyara wannan. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ga ruwan radiyata yana raguwa, ka tuhumi juwan kulas (gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da jikinsa).

Sannan ka rubuta lokacin da ciwon ke tashi. Da sanyin safiya ne kawai? Bayan ta yi zafi? A ralanti (inji na aiki ba a taka totur ba), ko sai an taka ta a babbar hanya? Ya fara ne bayan an wanke inji, ko bayan ka sha mai a wani wuri? Amsar waɗannan tana rage maka rabin aiki.

Gargaɗi: in fitilar inji tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, wani silinda ba ya ƙona mansa. Ɗanyen man yana gangarawa salansa ya narkar da katalizar (matatar hayaƙi da ke jikin salansa). Rage gudu, kada ka yi doguwar tafiya a haka.

2. Batir da wayar mas

Wannan minti biyar ne. Inji a kashe, batir mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6. Inji na aiki, tsakanin 13.5 da 14.5. Ka duba kawunan batir, ka bi wayar mas (ta kan batir mai alamar -) da ta tafi jikin inji da ta jikin mota, ka kwance ka kankare tsatsa ka ɗaure tamau. Mas mara kyau yana sa sansoshi uku ko huɗu su yi ƙarar ƙarya lokaci guda.

Gargaɗi: kada ka cire kan batir sai ka gama mataki na 4. Cirewa yana goge lambobin da kwamfuta ta adana, shaidarka ke nan ta tafi.

3. Filtar iska da babban tiyo

Buɗe akwatin filta, ɗaga ta sama ka kalli rana ta cikinta. In haske ba ya ratsawa, ta gama aiki. A ƙasarmu, musamman lokacin hunturu da ƙura ke rufe gari, kada ka bi kilomitan da kamfani ya rubuta don hanyoyin Turai. Ka bi abin da idonka ya gani. Ka leƙa kuma bayan filtar, ɓangaren da ya nufi inji: in ka shafa yatsa ka ga jar ƙura, to filtar ta yage ko ba ta zauna daidai ba, kuma ƙurar ta riga ta isa debimetir.

Busa filta da iskar kwamfuresa mai ƙarfi, yadda ake yi a wurin masu faci, yana huda takardar da ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Gara ka bubbuga ta a hankali, in ta tsufa ka sayi sabuwa.

Daga nan ka kama babban baƙin tiyon da ya tashi daga akwatin filta zuwa inji, ka lanƙwasa shi ka haska cikin kowace ninka da tocila, har ta ƙasa. Zafin Yamai yana busar da roba, kuma a ƙarƙashin ninkar nan yake tsagewa, inda ba a gani sai an juya.

4. Karanta lambobi, ka rubuta su

Motocin da aka ƙera don Amurka tun daga 1996, da masu esansi na kasuwar Turai tun daga 2001, suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin tablo, gefen direba. Nan ake cusa na'urar. Lambobin da suka fi shafar maganarmu:

P0171, mai ya yi kaɗan. P0172, mai ya yi yawa. P0100 zuwa P0103, debimetir. P0115 zuwa P0118, sansar zafin ruwa. P0130 zuwa P0135, lamda ta gaba, wadda ke kafin katalizar. P0300 zuwa P0304, silinda na tsallake wuta, lambar ƙarshe ita ce ke faɗin ko wane ne (P0300 ba ta ware ɗaya ba). P0420, katalizar.

In Toyota ɗinka ta girmi wannan tsari, ba ka buƙatar na'ura ma. A ƙarƙashin kafo akwai ƙaramin akwatin bincike mai murfi. Kontak a kashe, ka haɗa ramin TE1 da na E1 da guntuwar waya, ka buɗe kontak ba tare da ka tayar da inji ba, ka ƙirga ƙyaftawar fitila. Biyu, ɗan shiru, sannan biyu, lamba 22 ke nan, sansar zafin ruwa. 21 lamda ce, 25 mai ya yi kaɗan, 26 ya yi yawa, 31 sansar auna iska, 41 sansar totur. In tana ƙyaftawa bai ɗaya ba tsayawa, babu lambar da aka adana. Sunayen ramukan suna rubuce a cikin murfin. Ka karanta da kyau, domin haɗa ramin da ba shi ba yana iya ƙona fis ko abin da ya fi fis.

Babban kuskure a nan shi ne gogewa. Yaro ya cusa baliz, ya danna, fitila ta mutu, a ce maka an gyara. Kafin a taɓa komai ka ce: "Maigida, don Allah a bari in rubuta lambobin tukuna." Makaniken kirki ba ya jin haushin wannan.

5. Ciro buji

Bari inji ya huce, ka hure ƙasar da ke kewayen ramin don kada ta faɗa silinda, ka ciro su ka jera bisa tsarin da suka fito. Kai mai launin ƙasa-ƙasa ko toka-toka, lafiya lau. Baƙi busasshe mai kama yatsa, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan ko inji na zafi fiye da kima. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa.

Abin lura shi ne ko duka huɗun iri ɗaya ne. In duka sun yi baƙi, ciwon na gaba ɗaya ne: sansa, tamostat (bawul mai daidaita zafin ruwan inji) ko ƙarfin famfon mai. In ɗaya ce tak ta bambanta, ka manta da sansoshi, ka koma kan wannan silinda: bobin ɗinsa (mai ba buji wuta), wayarsa ko injektarsa. In motar mai bobin ɗaya ce ga kowane silinda, ka musanya na mai ciwon da na maƙwabcinsa. In lambar ta tashi daga P0302 ta koma P0303, ka kama ɓarawonka ba ka kashe ko dala ba.

6. Dubi gyaran da kwamfuta ke yi wa mai

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne aka fi tsallakewa. A cikin manhajar akwai layi biyu, STFT da LTFT. Suna nuna kashi nawa cikin ɗari kwamfuta ke ƙara mai ko rage shi don ta daidaita awo, na farko a yanzu-yanzu, na biyu wanda ta koya tsawon lokaci. Ka bari inji ya yi zafi sosai, ka haɗa lambobin biyu wuri ɗaya. Daga ƙasa da sifili da 10 zuwa sama da sifili da 10, ba abin damuwa. In sun haura +10, kwamfuta na ƙara mai saboda ta ga ya yi kaɗan. In sun gangara ƙasa da -10, rage shi take yi saboda ya yi yawa.

Yanzu ka karanta su sau biyu: a ralanti, sannan ka riƙe inji a juyi 2,500 a minti, na kamar rabin minti.

In lambar ta yi sama a ralanti, misali +18, amma da ka ba ta wuta ta sauko kusa da sifili, iska ce ke satar shiga ta wata kafa. Dalili kuwa, a ralanti iskar da inji ke ja kaɗan ce, don haka ƴar kafa tana da tasiri, amma in totur ya buɗe sai ta ɓace cikin yawa. Tafi mataki na 7.

In a ralanti lafiya, amma tana hawa yayin da kake ƙara wuta, mai ne ba ya isa, ko debimetir ya yi datti yana rage lissafin iska. Mataki na 9 da na 10.

In kuma ta nutse ƙasa da sifili, ka nemi abin da ke tura mai fiye da kima: injekta mai ɗiga, ko regilatar mai (mai daidaita ƙarfin mai) da ta fashe.

7. Neman iskar sata

Inji na ralanti, ka kasa kunne ko za ka ji tsaki siriri. Ka bi ƙananan tiyoyi ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya tafi bayan birki, da wanda ya fito daga murfin inji. Sannan ka fesa maganin karburato kaɗan-kaɗan a mahaɗar tiyoyi, gindin injektoci da inda bututun iska ya manne da kulas. Wurin da ka fesa muryar inji ta canza, ko STFT ta faɗi nan take, nan kafar take.

Gargaɗi: feshin nan yana kama wuta. Ka yi a fili, nesa da salansa mai zafi da wayoyin buji, ba taba a kusa, kuma ka ajiye abin kashe gobara ko bokitin yashi a gefenka. Ka kula da fanka, tana iya tashi da kanta.

8. Sansar zafin ruwa, da maganar tamostat

Gwajin farko mai sauƙi ne. Da asuba, motar ta kwana ba a tayar ba, ka buɗe kontak ka dubi zafin ruwa da zafin iska a manhajar. Ya kamata su yi kusa da juna, su kuma yi kusa da yanayin gari. In gari yana digiri 28 amma sansa na cewa 5, kwamfuta za ta yi ta ɗura mai tana zaton motar cikin sanyi take. In ta nuna -40, waya ta tsinke ko soket ya saki. Da multimita kuma, irin wannan sansa tana ba da kamar om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80. Ka sani, a tsofaffin Toyota wadda ke motsa allurar tablo daban take da wadda ke magana da kwamfuta. Mai waya biyu ita ce ta kwamfuta, don haka allura na iya nuna daidai alhali ɗayar ta lalace.

Sai maganar da na san wasu ba za su so ba. A nan an saba, mota na isowa daga tashar jiragen ruwa sai a cire mata tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a ce ai ƙasarmu da zafi. Ban yarda da wannan ba. An ƙera injin ne don ya yi aiki a wajen digiri 85 zuwa 95, tamostat na Toyota da yawa kuma yana fara buɗewa ne a 82. In an cire shi, da safe, da lokacin sanyi, da kan doguwar hanya cikin dare, ruwan ba ya kai zafinsa, kwamfuta kuma ba ta daina ƙara mai. Buji su yi baƙi, lamda ta toshe da baƙin gawayi, baƙin mai ya tsinke da esansi. Motar da ke zafi tana da dalilinta: radiyata ya toshe, murfinsa ya saki, famfon ruwa ya gaji ko fanka ba ta tashi. Shi za a gyara.

Ka yi lissafi da kanka. A watan Yulin 2024 aka sauko da litar esansi zuwa sefa 499. A wannan farashin, motar da ke ƙara shan lita 2 a kowane kilomita 100 tana cinye maka kusan jika guda a banza. Daga Yamai zuwa Tawa ta Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni kusan kilomita 550 ne, wato sama da jika biyar a zuwa kawai. Mai taksin da ke yini yana zagaya gari ba ya buƙatar in ƙarasa masa lissafin.

Gargaɗi: kada ka buɗe murfin radiyata ko ka kwance wannan sansa inji na da zafi.

9. Debimetir

Yana nan bayan akwatin filta, a manhaja sunansa MAF. A injin lita 1.6 ko 1.8 mai zafi, a ralanti, ba kilima, yakan nuna kamar giram 2 zuwa 4 a sakan, kuma ya hau sumul in ka ba da wuta. Kafin ka yi tunanin sabo, wanke shi. Cire soket, kwance sukurori biyu, ka leƙa ciki za ka ga ƙananan wayoyi sirara kamar gashi. Ka fesa musu maganinsu daga ɗan nesa, ka bari su bushe sarai, ka mayar.

Gargaɗi: kada ka taɓa wayoyin da auduga, buroshi ko tsinke, kada ka wanke su da esansi, kada ka busa da kwamfuresa. Sau ɗaya suke tsinkewa.

Wasu injinan, irin na Starlet da Corolla da yawa na shekarun 1990, ba su da debimetir. Suna da ƙaramar sansa da siririn tiyo ya haɗa da bututun iska. In tiyon nan ya tsage ko ya zame, kwamfuta sai ta ɗauka ka take totur har ƙasa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Tiyon taƙi ɗaya ne maganin.

10. Man kansa, famfo da injektoci

Ka tambayi kanka inda kake shan mai. Na kwalba a bakin hanya, wurin ƴan ruwa-ruwa, wani mai kyau ne, wani ya kwana a jarka mai ƙasa ko ruwa. In kana zargi, zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye: ruwa zai kwanta a ƙasa, ka ga layinsa. Yawo kullum da tanki a ƙasa, ana sayen lita biyu-biyu, shi ma yana gajiyar da famfo, domin man da ya nutse a ciki ne ke sanyaya shi.

Ƙarfin famfo da agogon awo ake gane shi, kuma yawancin waɗannan motoci suna aiki ne a wajen bar 3. Jin kukan famfo in an buɗe kontak, ko ganin mai na tsartuwa daga tiyo, ba ya nuna ƙarfin ya isa. Ka nemi garejin da ke da agogon. In ƙarfin ya gaza, a fara da filtar mai da rariyar da ke bakin famfo. In motarka tana da regilata a kan bututun injektoci, zare siririn tiyonta ka sansana: in da ɗanyen mai a ciki, robarta ta fashe, kuma ita ce ke ɗura wa inji mai. Injektoci kuma yawanci om 12 zuwa 16 suke bayarwa, muhimmin abu dai huɗun su yi kusa da juna.

Gargaɗi: kafin a kwance kowane tiyon mai, a cire fis ɗin famfo, a tayar da inji har ya mutu da kansa, a naɗe mahaɗar da tsumma.

11. Lamda, a ƙarshe

Na ajiye ta a nan da gangan, domin ita aka fi canzawa ba da laifinta ba. Inji da zafi, a juyi 2,500, lamda ta gaba irin ta da tana lilo tsakanin volt 0.1 da 0.9, sau da dama cikin sakan goma. In ta maƙale a ƙasa, fesa ɗan maganin karburato a bakin shigar iska: in ta yi tsalle sama, tana da rai, gaskiya take faɗa. In ta maƙale a sama, zare ƙaramin tiyo ɗaya iska ta shiga: in ta faɗo, ita ma lafiya. Wadda ba ta motsa ba ko ta wace hanya, ko take jan jiki a hankali, ita ce ta mutu. Wasu Toyota na bayan shekara ta 2000 suna da wata irin sansa da ke zama wajen volt 3.3 ba ta lilo, kada a yar da ita a kan haka.

Ka duba salansa tsakanin inji da lamda. Huda ko walda mai yoyo a wurin yana jawo iskar waje, lamda ta ce mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara. P0135 kuwa maganar abin ɗumama ta ne: auna wayoyi biyun nan masu launi ɗaya, ka duba fis. In kuma an riga an fasa katalizar an kwashe cikinsa, P0420 ba za ta tafi ba ko lamda nawa ka saya.

12. Saye da gwajin ƙarshe

In gwaji ya tabbatar sansa ce, ka tafi da tsohuwar a hannu, ka daidaita lambar da ke jikinta da siffar soket. Denso ko Bosch ta asali da aka ciro daga wata mota sau da yawa ta fi sabuwa mara suna mai araha. Ka tambayi kuɗi wuri uku, a Katako da shagunan kayan mota, kuma ku yi magana da mai kaya tun kafin ka biya: "Alhaji, in ba ta yi ba zan dawo da ita a canza mini." Lamda da aka yanke wa soket aka murɗa wayoyi da salatif, bar ta.

Abu ɗaya za a canza a lokaci guda. Bayan kowane gyara sai a goge lambobi, ka tuƙa motar cikin gari da kan babbar hanya, ta huce ta sake zafi sau biyu ko uku, domin wasu lambobin ba sa dawowa sai a tafiya ta biyu. Ka sake duba LTFT ka gwada da abin da ka rubuta da farko. Sannan ka cika tanki, ka rubuta kilomita, in ka yi tafiyar 200 ka sake cikawa a famfon gidan man da ka cika da farko, ka raba litar da ta shiga gida biyu. Abin da ya fito shi ne shan motarka a kilomita 100.